IN REZO YA ƊAUKE A GIDA, A FARA NEMAN INDA YA TSINKE

Duk wanda ya bi gudron mai lamba ɗaya a ƴan shekarun nan, ya taso daga Gidan Rumji ya wuce mararrabar Maraɗi, ya ratsa Cadawa da Agye har ya sauka Gazawa, ba zai rasa ganin wani sabon abu ba a bisa rufin waɗansu gidaje da shaguna: farin faifai mai kallon sama, ko kuwa ƙaramin akwati ɗaure a kan dogon ƙarfe, da kalmar "wifi" da aka rubuta da fenti a jikin bango. Abin da a dā sai a biron manyan ma'aikata na Yamai ake ganinsa, yau ya shigo zauren ɗan kasuwa da ɗakin malamin lakwal. Tare da shi kuma wani sabon kuka ya shigo, wanda ake ji safe da maraice: "Rezo ya ɗauke."

Kada a ɗauki wannan kuka abin wasa. Sakataren da aka umurta ya aika rahoton wata kafin a tashi daga aiki, in rezo ya ɗauke masa, shi za a tuhuma da sakaci. Ɗalibar da ke cika takardar neman shiga jami'a, wa'adi ba ya jiran ta. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Agadas ko Libiya ko Abijan, minti goman da ya samu da dare su ne rabonta na mako. Saurayin da ya ci bashi ya sayi kaya yana sayar wa maƙwabta tikitin wifi kuwa, kowace tsinkewa ciniki ne ya kuɓuce masa. To, da yake hankali ya tashi, sai a yi gaggawar kashe kuɗi: a sauya sim, a zagi kamfani, a aika Maraɗi ko Katsina a sayo sabon akwati. Sau da yawa kuɗin ya tafi, cutar kuwa tana nan, domin ba a tsaya an binciki wurin da abin ya tsinke ba.

Uwa da ƴaƴanta

Mu masu aikin fassara mun sha fama da sunan tsarin da ake magana a kansa. Faransawa suna ce masa "réseau maillé", watau rezo mai idanu irin na raga. Ni dai na zaɓi in kira shi wifi mai raga, har ranar da masana harshe za su ba mu sunan da ya fi. Bayaninsa ba wuya. Akwati guda shi ke karɓo intanet daga waje, ko ta sim, ko ta waya, ko ta faifan tauraron ɗan Adam. Wannan shi ne uwa. Sauran akwatuna biyu ko uku da ake rarrabawa cikin gida su ne ƴaƴa. Kowane ɗa yana sauraren uwa, ko kuwa ɗan'uwansa da ya fi kusa da shi, sa'an nan ya miƙa wa salula da kwamfuta abin da ya jiyo. Dukansu suna ɗaya suke amsawa, da kalmar sirri ɗaya, domin mutum ya tashi daga zaure ya shiga cikin gida ba tare da maganarsa ta yanke ba.

Irin waɗannan akwatuna sun fara yaɗuwa a kasuwannin Amurka wajen 2016, kuma masu ƙera su gidajen can suke tunani, masu bangon katako da allo marar kauri, masu sanyi, masu wutar da ba ta ƙyaftawa. Gidanmu kuwa kowa ya san shi: zaure a gaba, sai shigifa, sai turaka, sai sassan mata kowane da katangarsa, ga tsakar gida, ga garke a baya. Gida ne da yake bukatar raga fiye da na Amurka, amma kuma shi ne ya fi ba ta wahala.

Ina da wa a Gazawa, ɗan kasuwar aya da gyaɗa, wanda ba ya yanke farashi sai ya ji yadda aka tashi a Dawanau ta Kano. Da na je hutu gidansa, tun ban gama shan ruwa ba ya jawo ni zaure ya ce: "Malam, kai da ka yi boko, duba mini wannan fitina. Akwati na huɗu ke nan na saya, sim kuwa na sauya sau biyu, abin sai ƙara lalacewa yake yi." Ni ba injiniya ba ne, amma a makarantar horon malamai an koya mana cewa ba a hukunta yaro a kan fashi sai an buɗe rajista an ga ranakun da ya yi fashin. Na ce: "Yaya, a ba ni littafi da fensir da mako guda, kada a sayi kome tukuna."

Muka naɗa babban ɗansa magatakarda. Duk sa'ad da rezo ya ɗauke, sai ya rubuta rana da lokaci, da ɗakin da abin ya faru, da ko kowa ya shafa ko mutum ɗaya, da launin fitilar da ke gaban uwa, da ko ƙwan lantarki ya ƙyafta, da mintin da aka yi kafin ya komo. Wannan ɗan littafi shi ne kayan aiki na fari, kuma duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana iya riƙe shi. Kafin mako ya cika, sai ga shi abin da ake kira cuta ɗaya ya rabu uku, kowace da lokacinta da alamarta.

Dalili kuwa shi ne, hanyar da saƙo yake bi gaɓa uku ce. Akwai wadda ta taso daga duniya zuwa ga uwa, akwai ta tsakanin uwa da ƴaƴa, akwai ta tsakanin ɗa da salular da ke hannunka. Rarrabe su ba ya bukatar kuɗi. Idan alamar wifi, mai kama da mafici, tana nan cike a fuskar salula amma ba abin da yake buɗewa, galibi laifin yana waje ko yana wurin uwa. Idan alamar ce ta ɓace ko ta ragu, laifin yana cikin gida. Mai shakka ya je ya tsaya kusa da uwa: in abin ya yi aiki a nan bai yi a ɗaki ba, kamfani ya kuɓuta. Ma'aikacin da ke da kwamfuta yana da gwajin da ya fi wannan, wanda ake kira "ping", watau aika sallama a jira amsa. Sai ya aika wa uwa, wadda lambarta kan zama 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, an kuma saba rubuta ta a ƙarƙashin akwatin. Sa'an nan ya aika wa 8.8.8.8, wata na'ura ta Google da ke can waje. In uwa ta amsa, ta waje ta yi shiru, to gida lafiya yake.

Abin da ya fi ƙarfin mai gida

Kamfanonin salula huɗu ne ke aiki a ƙasarmu: Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019, da Niger Telecom wanda aka kafa a 2016 da aka haɗe SONITEL da SAHELCOM. Uwar da ke aiki da sim, ko na wane kamfani ne, antan ɗaya take rabo da dukan salulolin unguwa. Ranar kasuwa, ko bayan sallar lisha sa'ad da kowa ya zauna kallon bidiyo, rabon kowa yana ƙanƙancewa har a zaci an yanke. Wannan cunkoso ne, ba tsinkewa ba ce, kuma sabon akwati ba ya maganinsa. Abin da kan taimaka shi ne a ɗaga uwa sama kusa da tagar da ke fuskantar antan. A kuma duba forfe, domin gidan da ke da salula goma sha biyar yana iya cinye na wata cikin kwana goma ba wanda ya sani. A ƙauyukan da ke daf da iyakar Nijeriya, kudu da Gazawa ko kudu da Tibiri, akwati yakan yi ta kai-da-kawowa tsakanin antan na gida da na ƙetare. A nan sai a shiga saitinsa a zaɓa masa kamfani da hannu, kada a bar shi ya zaɓa da kansa.

Starlink kuwa, wanda gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da shi a watan Oktoba na 2024, ya kuma fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, halinsa dabam ne. Taurarinsa suna shawagi wajen kilomita 550 bisa ƙasa, suna ratsa sama da gudu, faifan kuma yana sakin wannan ya kama wancan ba hutawa. Saboda haka reshen bedi guda da ya tare wani yanki na sama ya isa ya riƙa yanke magana na ƴan daƙiƙu, a kai a kai, yini guda. Manhajarsa tana nuna yankin da aka tare. Hadari mai nauyi shi ma yana yanke shi, amma wannan sai haƙuri har ruwa ya tsagaita.

Wani lokaci ma laifin ya wuce iyakar ƙasa. Ranar 14 ga Maris na 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a ƙasashe da dama, har da tamu wadda ba ta da teku, ta hannun maƙwabta take samun hanya. Wanda ya kwance akwatinsa a Agye ran nan yana neman cuta, wahalar banza ya sha.

Kuran da zafi

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a ganina a nan ne mafi yawan tsinkewar gidajenmu take kwance. Ma'aikatan NIGELEC sun san Gazawa sarai, domin a nan ne layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake sauka, kafin ya rabu, reshe ɗaya ya yi Maraɗi, ɗaya ya yi Damagaram. Kowa kuma yana tune da farkon watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar a cikin takunkumin CEDEAO, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Amma ɗaukewar kuran ta sa'a biyar ba ta ruɗa kowa. Duhu ya ishe ka bayani. Wadda take ruɗarwa ita ce ƙyaftawar daƙiƙa guda.

Ga yadda abin yake. Kuran ya ƙyafta, ko kuwa ƙarfinsa ya faɗi domin mai walda ko mai injin niƙa na maƙwabta ya tayar da injinsa, ko ana juyawa daga kuran zuwa gurup. Fanka ba ta ko tsaya ba. Salula tana da batir, ba ta ji kome ba. Akwati kuwa ba shi da batir, sai ya mutu nan take ya sake tashi daga farko, kuma tashinsa yakan ci minti biyu ko uku. Bayan uwa ta tashi, ƴaƴa su shiga nemanta. In wani ɗa ya riga ta tashi, yana iya manne wa ɗan'uwansa maimakon uwa, ya zauna a haka, sai rezo ya komo amma da rauni. Alamar wannan cuta a littafi ba ta ɓuya: kowa a gida ya rasa rezo lokaci guda, tsawon rashin kuma kusan ɗaya ne kullum.

Maganinta ɗan batir ne da ake sawa tsakanin bango da akwati, wanda yake riƙe wuta in ta ƙyafta. Galibin akwatunan bolt 12 suke ci, ƙarfin da suke ja kuma wajen wat goma ne ko ya ɗara kaɗan, bai kai na tsohon ƙwan lantarki ba. Mai pano da batir a gida yana iya ciyar da su dare da rana. Amma fa a tuna da ƴaƴa. Wanda ya ba uwa batir ya bar ƴaƴa a kan kuran, rabin aiki ya yi. Faifan Starlink shi ba ya cikin wannan lissafi, domin babban yana jan wat 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini kuwa 25 zuwa 40, sai a yi masa tanadi nasa.

A gidan yayana, littafi ya nuna tsinkewa irin wannan har a lokutan da ƙwan lantarki bai ƙyafta ba. Da muka juya cajar uwa muka karanta, sai muka ga an rubuta bolt 12, ampa 1, alhali kuwa a ƙarƙashin akwatin an rubuta ampa 2. Ashe ta asali ta ƙone tun daminar bara, wani yaro ya ciro ta wata na'ura ya soka, da yake bakinsu ɗaya ne. Da safe, da mutum biyu ko uku, tana ɗauka. Da maraice in gida ya cika, sai ta kasa, uwa ta suma ta farfaɗo. Caja ce wadda kuɗinta bai kai ushirin na akwatin da aka sayo domin maganin abin ba. Yaya ya daɗe yana juya ta a hannu bai ce kome ba.

Sai zafi. In ka karanta takardar da ke zuwa cikin kwali, za ka ga galibin masu ƙera akwatunan sun ce a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40. A jahar Maraɗi kuwa, cikin Afrilu da Mayu, inuwa ma takan wuce 40, balle ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kwano da azahar. Akwatin da ya yi zafi yakan rage gudu, in abin ya yi yawa ya kashe kansa. Matanmu, saboda tsabta da gudun ƙurar hunturu, sukan lulluɓe shi da kyalle mai ado, wasu kuma su aza shi bisa talabijin mai zafi. Niyya mai kyau ce, amma ƙofofin shan iskarsa ake toshewa. In littafi ya nuna tsinkewa tsakanin azahar da la'asar kaɗai, a yaye kyallen, a kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi, a nisanta shi da rufi da hasken rana. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, a zare shi daga bango. Gara rashin rezo na sa'a guda da rashin akwati.

Katanga, ƙarfe da gawo

Masu sauraren Muryar Sahel sun san zancen zango, dogo da gajere. Wifi shi ma rediyo ne, sai dai zangonsa ƙanƙane ne ƙwarai. Yana da biyu da aka fi aiki da su: na gigahaz 2,4 mai tsawon santimita 12 da ɗoriya, da na gigahaz 5 mai tsawon santimita 6. Na farkon ya fi ratsa bango da kai wa nesa, amma ba shi da sauri sosai, kuma cunkoso ya yi masa yawa. Na biyun yana da sauri, amma katanga biyu sun isa su gajiyar da shi. Abin lura shi ne, uwa da ƴaƴa galibi ta na biyun suke magana da juna.

Katangar ƙasa mai kaurin kamu guda tana shanye wannan murya fiye da yadda ake zato, kuma in ta jiƙe da damina shanyewar tana ƙaruwa, domin ruwa maƙiyin wannan zango ne. Shi ya sa randa da tankin ruwa da taron mutane duk suna rage shi. Ƙarfe kuwa ba ya shanyewa, mayarwa yake yi: ƙofar ƙarfe, rufin kwano, firji, madubi. A sashen amaryar yayana, ɗan akwatin a cikin kabad muka same shi, bayan jeren kwanoni da kwalla masu walƙiya, an ɓoye shi domin kada ya ɓata ado. Da a rijiya aka jefa shi da bai fi haka shiru ba.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne a kai ɗa ɗakin da rezo ba ya kaiwa. Ɗa kuwa ba ya ƙirƙiro kome, abin da ya ji shi yake maimaitawa. In an ajiye shi inda uwa ba ta jiyuwa, salula za ta nuna mafici cike, domin tana kusa da ɗan, amma ba abin da zai buɗe. Wurinsa shi ne tsakiyar hanya, inda muryar uwa take da sauran ƙarfi, sama da kan mutum, kuma inda ƙofa ko taga ta yi daidai da wata ƙofa. Akwai manhajoji na kyauta masu auna ƙarfin da wani ma'auni da ake rubutawa dBm, wanda lambobinsa na ƙasa da sifiri ne: -50 ƙarfi ne sosai, -67 shi ne iyakar da magana take tafiya ba gargada, -80 kuwa sunan rezo ne kawai. Kowane 3 da aka rasa, rabin ƙarfin ne ya tafi. Har wa yau, a akwatuna masu araha, ɗa da baki ɗaya yake saurare yake kuma maimaitawa, saboda haka saurin yana raguwa wajen rabi a kowane tsalle: ɗa ya sami rabi, jika ya sami rubu'i. Jera akwatuna huɗu kamar raƙuman ayari, kowane yana bin na gabansa, ba dabara ba ce.

Bari in ɗan ratse. Ƙasar Agye ta yi suna, har a ƙasashen waje, saboda sassaben zamani, inda manoma tun shekarun 1980 suke barin tohon itatuwa a gonakinsu suna renonsa. Ganye ɗanye ruwa ne, yana kuwa tare wifi. Gawo kuma kowa ya san halinsa na saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka wanda ya miƙa rezo daga gidansa zuwa shagonsa ta cikin gawo zai ga abin ya gyaru da damina ya lalace da rani, ya rasa dalili. Kada dai wannan bayani ya sa wani ya ɗauki gatari. Gawo itace ne da doka ta kare, kuma ya fi akwatin amfani ga gona. A ɗaga ƙarfe sama ko a kauce masa.

Maganin da ya fi kowane, wanda kuma aka fi ƙi saboda yana bukatar haƙa, shi ne waya. Yawancin akwatunan suna da baki a baya inda ake soka wayar rezo, kuma wayar tana kai saƙo har mita 100 ba tare da ta kula da katanga ko damina ko jeren kwanoni ba. In an haɗa ɗa da uwa ta waya, ragin rabin nan ya ƙare. Sai dai a sa ta cikin tiyo a binne, saboda ɓera da gara da rana, kada a rataya ta daga rufi zuwa rufi inda tsawa za ta same ta. A kuma kula wurin saye, domin akwai ta jan ƙarfe tsantsa, akwai ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. In ka kankare bakinta da wuƙa ka ga fari, ita ce ta biyun, kuma ba ta jimrewa.

Gaɓa ta ƙarshe, tsakanin ɗa da salula, ba ta da dogon bayani. Salula ce take yanke shawarar sakin wannan akwati ta kama wancan, kuma tsofaffi cikinsu suna da naci: mutum ya baro zaure ya kai ƙuryar gida, ita tana riƙe da na zaure. A kashe wifinta a kunna, sai ta kama na kusa. In salula ɗaya ce kaɗai take kuka, a bar akwatuna lafiya. Yawan akwatuna a ƙaramin fili kuwa yana ƙara ruɗa ta, ta yi ta tsalle tsakaninsu, kuma kowane tsalle yana iya yanke magana. A zangon 2,4 layi uku ne kawai ba sa taka juna, 1 da 6 da 11. Kusa da tasha ko kasuwa, inda masu sayar da wifi suka yi yawa, yana da kyau a duba layin da maƙwabta suka fi cika a koma wani. Haka nan in akwai akwatin kamfani a gaban uwa, a kashe wifinsa, a bar guda ɗaya kawai ya riƙa raba wa na'urori lambobi, domin sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Kalmar sirri kuma a riƙa sauya ta, tun da yake salula tana iya miƙa wa wata ita cikin ƙyaftawar ido. A gidan Gazawa mun ƙirga na'urori fiye da mutanen gidan. Ɗan ramin nan da ake tsokana da allura a baya, wanda samari suke gaggawar taɓawa, yana goge dukan saiti; kada a kusance shi sai an rubuta saitin a takarda.

Ga ma'aikatan gundumomi da na ma'aikatun magajin gari da gidajen likita, ina ganin ya kamata duk takardar neman sabon kaya ta zo tare da irin wannan littafi na mako guda ko biyu, domin kuɗin na jama'a ne. In kuma littafin ya nuna laifin na waje ne, shi ne hujjar da za a kai wa kamfani, in bai saurara ba a kai wa ARCEP, hukumar da aka kafa a 2018 domin sa ido a kan harkar sadarwa. Kukan da ya zo da rana da sa'a da minti ya fi wuyar turewa bisa ga "kullum yana ɗaukewa".

A gidan yayana mun sayi caja mai ampa 2 da ƙananan batura uku. Mun fito da akwatin amarya daga kabad muka kafa shi bisa ƙofar sashenta, bayan doguwar shawara. Yara suka haƙa rami daga zaure zuwa turaka, taku arba'in, aka binne waya cikin tiyo. Akwati na huɗu ya koma kwalinsa, yana jiran ranar da za a ja waya zuwa sito. Cuta biyu sun tafi. Ta ukun, ta maraicen ranar kasuwa, tana nan, domin antan ba namu ba ne. Da na yi masa waya bayan wata guda, ya ce mini: "Malam, ran kasuwa na daina faɗa da shi. Da na idar da asuba nake aika wa mutanen Dawanau saƙo, kafin gari ya tashi."